Yafiya Kafin Tiyata

A kan na'ura na koyi tiyatar da ba a farke ciki, wadda ake huda ƙananan ƙofofi a zura kyamara da ƙarafa. Kana sa wani gilashi a fuska, ka riƙe sanduna biyu, sai ga cikin mutum a gabanka, hanta da hanji da komai, alhali ba kowa a kwance. In ka yanke jijiya jini ya malala, na'urar ta rage maka maki, ka sake daga farko. Na kashe mutanen ƙarya da yawa kafin hannuna ya faɗa, daga nan kuma kaina ya kumbura.

Bayan na dawo gida Daura aka kawo mana wata tsohuwa daga Sandamu, duwatsu sun cika mata matsarmama. Babban likitanmu ya ce ni zan yi aikin, shi zai tsaya a bayana. Ɗanta ya gaya mini kafin su taho sai da ta bi maƙwabta gida-gida tana neman gafara, har turmin da ta ara ta mayar. Na yi murmushi, a raina na ce aikin da ko awa biyu ba zai kai ba.

Tana kwance, ana shirin sa mata maganin barci, ta kama hannun rigata.

"Ɗan nan, kai ne za ka yi?"

"Ni ne, Inna."

"To, in hannunka ya goce, na yafe maka duniya da lahira."

Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Da kyamara ta shiga, na ga cikinta yana motsi da numfashinta, kuma ita kaɗai ce, ba wata a ajiye. Wata ƙaramar jijiya ta yi jini. Babban likita ya ce a hankali, "Natsu, kama nan." Na kama, jinin ya tsaya.

Da ta farfaɗo na je na ce mata, "Inna, an gama lafiya. Yafiyarki ba ta yi aiki ba."



"Ajiye ta," in ji ta. "Wata rana za a kawo maka wanda bai samu bakin faɗa ba."

Shekaru sun wuce. An kawo shi, kuma bai tashi ba.