Jeren da Aka Yi wa Injin Babur

Tun ina Kano na san wanda zan aura yana da babur. A waya ya faɗa mini, ban kuma tambayi irinsa ba, don na riga na zana shi a raina: baƙi mai sheƙi, shi a gaba ni a baya, gyalena yana tashi, muna ƙetare gada da yamma. A littattafan soyayyar da na tashi da su haka ake yi, sai dai su da mota.

Bai gaya mini babur ɗin ya girme shi ba. Ba shi da fitila, ba shi da lamba, mazauninsa na mutum ɗaya ne, doka ma ba ta yarda ya hau titi ba. Irin na tsere a cikin laka ne, wanda ake kira motocross. Matacce ya saye shi a hannun wani manomi, ya shekara biyu yana tayar da shi a garejin gidansa bayan ya taso daga aikin asibiti. Sau ɗaya a shekara masu irin waɗannan tsofaffin babura ke haɗuwa su yi tsere a wata gona a wajen London, kuma ya riga ya yi rajistar shiga. Saura wata guda a yi tseren aka ɗaura mana aure.

Rufin garejin yana yoyo, shi ya sa ya kai injin ɗakin baya. Yana da yadda yake aikinsa. Farin zanin gado yake shimfiɗawa a ƙasa, duk abin da ya kwance sai ya ajiye kusa da wanda ya riga shi fita, daga hagu zuwa dama, yana fuskantar inda ya fuskanta a cikin injin. In ya zo mayarwa sai ya bi layin daga ƙarshe. Ba ya rubuta komai. Zanin nan shi ke riƙe masa.

Da na sauka a London, gidan Gwaggo na fara zama, ƙanwar mahaifina da ta daɗe a Stratford. Ita ta karɓi makullinsa don a yi mini jere, ita da aminiyarta, wata Hajiya 'yar Gana mai sayar da atamfa a Old Kent Road. Ya so ya ce kada a shiga ɗakin baya. Ya tsaya a gabanta yana murza hula, ya rasa bakin da zai hana surukarsa ɗaki a gidan 'yarta, ya miƙa makulli ya tafi gidan abokinsa.

Ranar da aka kai ni, bayan la'asar, ya shigo gaida su. Gwaggo ta ce ya tashi ya ga aiki. Ta nuna masa falo da labule da kicin, ina biye a lulluɓe ina leƙe ta gefen mayafi. Sannan ta tura ƙofar ɗakin baya.

Zanin babu shi, yana kan igiyar shanya. A jikin bango akwai kabad ɗin gilashi sabo, fitilarsa a kunne, injin kaf yana ciki. Haƙoran giya an ɗora su babba a ƙasa ƙarami a sama, yadda ake jera samira. Zobban fiston suna rataye kamar awarwaro. Notuna da washa, ƙananan zobban ƙarfen da ake sawa a ƙarƙashin noti, an zube su wuri ɗaya a cikin tangaran mai fure. Komai yana walƙiya, ɗakin yana ƙamshin turaren wuta.

"Ango, ka gani?" in ji Gwaggo. "Wannan ƙazanta da ka baza a ƙasa, ai ba a kawo amarya a kanta."

Hajiya 'yar Gana ta ɗaga hannuwanta. "Ɗana, duba farce na. Soson ƙarfe biyu ya ƙare. Ruwan zafi, sabulu, duka mun wanke shi."

Ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Allah ya saka muku da alheri, Gwaggo. Kun sha wahala."

"Wahalar me? Yi wa kai ne."

Har tukuici ya ba su.

Da suka tafi, na zauna bakin gado ina jiran abin da littattafai suka yi mini alkawari, a ɗaga mayafi a faɗi magana mai sanyi. Shiru. Na ɗage mayafin da kaina na fita nemansa. Yana tsaye gaban kabad, hannu a baya, kamar mai kallon kayan tarihi.

"Ba a kyauta ba ko?" na ce.

"An kyauta mana. Ban taɓa ganinsa da kyau haka ba." Ya juyo ya dube ni. "Amarya, ban san inda ko ɗaya yake shiga ba."

Ya yi dariya, amma idonsa bai yi ba. A nan na fahimci shekara biyun da ke cikin gilashin, da watan da ya rage.

Washegari tsatsa ta fara fitowa ja-ja a jikin boris, ruwan zafin Hajiya ya soma aikinsa. Ya yi odar sababbi. Sauran kuwa sai gwaji. Muka ɗauko zanin daga igiya muka shimfiɗa. Hutun da ya ɗauka don ya zaga da ni gari a ɗakin baya muka cinye shi. Shi yana aunawa yana haɗawa, ni ina wanke ƙarfe da kananzir ina miƙa masa. Lallen hannuna ya ɓace a ƙarƙashin baƙin mai. Wata rana yatsunmu suka haɗu a cikin roba muna laluben noti ɗaya, gabana ya faɗi daidai yadda aka rubuta, na ɗago na dube shi.

"Mai lamba goma nake nema," ya ce.

"Kai dai ba ka da soyayya ko ta sisi."

"Ki ba ni notin, in ya so a duba."

Gwaggo tana kira kullum ta ji lafiyar amarci. Na ce mata muna ɗakin baya. Ta ce madalla, dama ta san ɗakin zai yi amfani.

Sau da yawa sai ya rufe injin ya juya shi da hannu, ya ji ya cije, ya sake buɗewa. Ana jibi tsere ya rufe shi na ƙarshe. Muka juyo, ga washa guda siririya kamar takarda a gindin tangaran, a kan furen. Ya ɗauka ya juya ta, ya dubi injin, ya dubi agogo. Ba lokacin sake buɗewa.

"Ƙila ta wani abu ce," na ce.

"Ƙila," ya ce, ya sa ta a aljihu.

Ya mayar da injin jikin babur ɗin, ya tura shi tsakar gida ya taka kik. Ya taka har ya yi gumi a cikin sanyin nan. Can ya yi tari, ya kama, hayaki shuɗi ya rufe shanyar maƙwabta. Wata tsohuwa ta buɗe taga ta dube mu, ta rufe.

Ranar tsere muka ɗora shi a motar haya. Gona ce mai tudu, laka har idon sawu, ga tsofaffin Turawa masu furfura kowa yana tattalin nasa. Na tsaya bayan igiya da atamfa da takalmin roba na aro. Aka saki tuta suka zabura. A kwanar farko mijina yana tsakiya. Da suka fito miƙaƙƙiyar hanya na ga ƙafarsa tana ta dukan giya, babur ɗin yana kuka kamar ana yanka shi, ba ya ƙara gudu. Giya ta biyu ya shiga ya ƙi fita. Kowa ya wuce shi. Wani dattijo ya zagayo ya sake wuce shi, har da ɗaga masa hannu.

Na zaci zai tsaya. Bai tsaya ba. Duk zagayen da ya zo gabana sai ya ƙara zama baƙi, har ya zama haƙoransa kaɗai nake gane shi da su, kuma a waje suke. Sauran sun gama sun cire hula suna shan shayi, mai tuta yana tsaye yana jiran mutum ɗaya. Da ya gangaro tudun ƙarshe, ban san lokacin da na toshe hanci na rangaɗa guɗa ba. Duk gonar ta juyo. Wata mata mai kare ta matso ta tambaye ni ko an ji rauni ne.

Na ce mata a'a, mijina ne ya iso.