Kan Malam a Gidan Tantabaru

Bayan fari, da aka daina awon gyaɗa a Sassumbrum, maigidana ya rasa abin yi da rani. Ga kyanwar maƙwabta ta matsa wa tantabarunmu, ƙwai da 'ya'ya ba ta barin ko ɗaya. Sai ya ce zai yi masu gidan katako.

Na ce, "Malam, yaushe ka zama kafinta?"

Ya ce, "Tun ɗazu."

Ya roƙo karyayyen benci wurin mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ya haɗa da tsohuwar ƙofar zaure da akwatin shayi, ya aro zarto da guduma. Gaskiya ya yi ƙoƙari. Ya huda ramukan shan iska ta sama. Ya ƙi sa rufin kwano, ya ce zafi zai gasa tsuntsaye. Ya kafa turken da za a ɗora akwatin gidan a kai, ya shafe gindinsa da baƙin mai saboda gara, ya huda tsohuwar tasata ya kife ta a tsakiyar turken don kyanwa ta zame. Tasar kuwa ban ce na gama da ita ba.

Kafin a ɗora akwatin, ya ce sai ya tabbatar babu tsinin ƙusa a ciki. Ya durƙusa, ya cire hula, ya cusa kansa ta ƙofar. Kai ya shiga, kunnuwa suka hana fita.

Ina daka na ji murya kamar daga rijiya: "Ke! Zo ki ja ni."

Na zo na tarar da mutum tsaye, riga da wando na mijina, kai kuma akwati. Na zauna a ƙasa ina dariya har da hawaye.

"Dariya kike?"

"A'a, Malam, tari ne."

Maƙwabcinmu ya shigo ya ce a sa zarto. Akwatin ya amsa da ƙarfi, "Kada wanda ya taɓa mini aiki!" Daga ƙarshe na zura yatsu na shafe kunnuwan da man gyaɗa, maƙwabci ya riƙe akwati, ni na ja ƙugu. Ya fito da jajayen kunnuwa, ya mayar da hularsa, ya ce, "Akwai ƙusa ɗaya ta hagu." Ya lanƙwasa ta.

Tantabaru suka yi ta kewaya gidan ba su shiga ba, sai da ruwan farko ya sauka. A damanar nan suka ƙyanƙyashe, har muka kai wa surukata biyu a Guci.