Abin da Na So a Yanke Daga Faifan Suna

Faifan sunan jikana ya iso gidanmu bayan an binne Inna, mahaifiyata. Mai kamara ya riƙe shi tun damina, kullum aka aika sai ya ce yana gyara, har aka yi girbi, har Inna ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Ƙanwata ce ta karɓo shi wata rana da ta je Maradi. Bayansa shuɗi-shuɗi ne, ba irin faifan da muka saba gani ba, kuma ba kowane inji ke karɓarsa ba, sai wanda ɗana na fari ya zo da shi daga Aljeriya tare da tele da sola.

Shi wannan ɗa nawa, tun da na haife shi bakina bai taɓa kama sunansa ba. Da aka yaye shi Inna ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. In zan yi maganarsa sai in ce ɗan Inna. In ya shigo gaisuwa sai in amsa ina kallon wani wuri, ko in sami abin tsincewa a cikin gero. Haka na taras ana yi, haka na yi, kuma ban taɓa jin ya yi mini nauyi ba.

Ranar da faifan ya zo, muka jira rana ta yi sanyi, yara suka fita, ni da ƙanwata muka saki labule muka kunna. Ban san hoto na iya fita haka ba. Ga tabarmar da muka aro, ga gefenta da ya zare. Ga ƙuda a bakin ƙwaryar fura. Can sai mai kamara ya shiga ɗakin Inna, ga ta zaune a bakin gado da jaririn a cinya. Tsagen Gobirawan da ke kumatunta sun fito ɗaya bayan ɗaya, har wanda ya karkace kusa da kunne, wanda takan ce wanzami ya yi atishawa ne. Ƙanwata ta sa bakin zane a ido. Ni ban yi kuka ba, na dai matsa kusa da tele.

Sai ga ni a gefen hoton, ina naɗe kayan jariri. Sai ga ɗan Inna ya shigo ya durƙusa. Tun da ya dawo daga tafiya hannunsa na hagu ke cikin aljihu, ni kuma ba mai tambaya ba ce. Ranar nan da ya zo karɓar jaririn ya manta ya fito da shi. Babu rabin yatsu biyu. Inji ya ci su a wurin gini, bai gaya wa kowa ba.

Na san abin da na yi, amma ban san kamara na kaina ba. Na ga kaina na yar da kayan, na kama hannun da hannayena biyu ina juyawa. Na ji muryata, tsaf, ta kira sunansa. Ba ma sau ɗaya ba.

Ƙanwata da ke kuka sai ga ta tana dariya har da tari.

"Yaya! Ashe kin san sunan?"

"Kashe abin nan."

"Wallahi sai na sake ji. Ni da nake zaton ba a taɓa hwaɗa maki ba."

Na miƙa hannu na zare wayar daga bango da kaina.

Da abin a tsakaninmu zai tsaya, da na haƙura. Amma labari ya riga ya bazu cewa akwai Inna a faifai. Yayarta da ke Gidan Sori, wadda muke kira gwaggo, ta aiko cewa da babbar Salla za ta sa a ɗauko ta a amalanke ta zo ta ga ƙanwarta. Iyayen surukata, matar ɗan Inna, daga Cadawa su ma sun ce suna tafe. Matan unguwa kuwa kowacce ta gamu da ni sai ta ce yaushe za a kunna. Na riƙa ganin ɗakin cike, da surukai, da yara ƙanana, da muryata tana fitowa daga tele.

Daga ranar na rasa zama. Ina daka sai in tsaya da taɓarya a hannu. In ɗauko faifan daga ƙasan akwati, in duba, in mayar, in kuma ɗaukowa. Na yi tunanin in ce ya karye. Na yi tunanin in goga shi da ƙasa ta wurin da nake zaton nan nake. Amma Inna na ciki, kuma ba mu da wani hotonta sai na katin zaɓe, wanda ko ita kanta ta ce ba ita ba ce. Maigidana ya ga ina kai da kawowa ya tambaye ni ko wani abu ya ɓace. Na ce a'a. Shi ma ba zan iya gaya masa ba.

Wata Bafillatana da ke kawo mana nono, ƙawata ce tun muna amare, ita na fara gaya wa. Ta ajiye ƙwarya ta dafe ƙirji.

"Da bakinki? A gaban mutane? Mu ko kura ta ɗauke shi sai dai mu ce, jama'a, ga wani can ana tahiya da shi."

"To mi zan yi?"

"A cire wurin mana. 'Yan zamani ba abin da ba su cirewa."

Ranar kasuwa na bi mota zuwa Gidan Rumji ni kaɗai, na ce zan sayo kayan miya. Akwai wani butik inda ake sa wa mutane waƙoƙi da wa'azi a salula. Na daɗe a tsaye a gefe har maza suka ragu, sannan na gaya wa mai butik ɗin buƙatata, a gajarce. Ya ce abu mai sauƙi ne, sai dai injinsa ba ya fitar da irin wannan faifan, zai juye mini a na kullum. Na ce to. Na zauna a benci na juya masa baya don kada mu haɗa ido in ya kai wurin. Bai ce komai ba, Allah ya saka masa. Ya ba ni sabo, ya mayar mini da tsohon.

Da na dawo muka kunna ni da ƙanwata. Ya cire ni kam, ba ni ba muryata. Amma hoton ya zama kamar ana kallo ta cikin ruwan tsari. In mutum ya motsa sai fuskarsa ta farfashe ta sake haɗuwa. Da aka kai kan Inna na matsa har hancina ya kusa taɓa gilashi. Kumatunta sumul. Ba tsaga ko ɗaya. Wata tsohuwa ce kawai da jariri a cinya, za ta iya zama uwar kowa.

"Wagga ba Innata ba ce," in ji ƙanwata. "In kika nuna wa gwaggo wannan, sai ta ce mun yi mata ƙarya."

Na san gaskiya ta faɗa.

Salla na matsowa, an fara ɗaure raguna a ƙofar gidaje. Ƙanwata ta ce mu koma wa mai kamara da kansa. Na ce ba zan iya ba, abokin ɗan Inna ne. Ta ce, "Yaya, shi da ya ɗauka da idonai, mi kike ɓoye mashi?" Haka ta ja ni har Maradi. Daga tasha muka hau kabu-kabu, ni da ban saba ba, ina riƙe da faifan a ƙirji kamar za a fizge.

Ya karɓe mu da ladabi, ya durƙusa ya gaishe mu, ya yi mana ta'aziyya. Ƙanwata ce ta yi bayani, ni ina kallon takalmana. Na ba shi wanda aka yi a Gidan Rumji ya duba, ya ce ai wannan an sake dafa shi ne, duk hoton da aka matse aka sake juyewa sai ya rage kyau. Ya ce akwai hanyar da za a yanke a haɗa ba tare da an taɓa sauran ba, ya fito yadda yake.

"Sai dai Mama, ba ko'ina yake yankuwa ba. Kin san karan dawa? Yana da gaɓa-gaɓa. Shi ma hoton haka yake tahiya. In na yanka a kan gaɓa, ba abin da zai same shi. In na yanka a tsakiya, dole sai na sake dafa wurin."

Ya kunna a kwamfutarsa, ya sa abin ji a kunnensa don kada murya ta fito, na gode masa a zuciya. Ya nuna mini wasu 'yan layuka a ƙasan hoton, ya ce ga gaɓoɓin nan. Karatun yaƙi da jahilci ya yi mini rana, don ina iya bin lambobin da ke gudu a gefe, na gane inda muke. Gaɓa ta farko ta faɗo daidai inda ɗan Inna ya durƙusa. Wannan ba matsala. Ya ce gaɓa ta gaba tana nan, bayan na rufe baki. Sai dai a nan hannuna na nan riƙe da nasa.

"A wuce ta," na ce. "A kai ta gaba."

"To Mama, ki dai ji abin da ke tsakani kahin in cire."

Ya zare abin kunnen ya miƙo mini. Ni a gida ban taɓa kaiwa nan ba, a kan sunan na kashe. Mai butik kuma da shi ya haɗa ya yanke.

Inna ce. Ta ɗago kai ta dube ni, ta dubi hannun, na ga idonta ya cika. Sai ta haɗiye, ta washe baki, ta kai mini duka da bayan hannu.

"Ku ji min wagga! Shekara da shekaru ɗan Inna, ɗan Inna, yau ta kama min hannun miji tana kiran sunanai. Sake min shi, ke! Ko da yatsa guda ina son abina."

Ta yi dariyar nan tata, wadda kafaɗunta ke rawa, har jaririn ya farka. A duk faifan nan ne kaɗai ta yi magana. Nan ne kaɗai ta yi dariya. Sauran wuraren tana zaune ne shiru, kamar yadda tsofaffi ke yi in an nuna su da kamara.

Na cire abin kunnen na tashi na fita waje. Na tsaya a bakin titi ina kallon masu tura ruwa. Na dawo. Na sake fita. In an bar wurin, cire sunan bai amfana komai ba, Inna da bakinta ta tona ni. In an cire, gwaggo za ta sha hanya tun daga Gidan Sori ta ga ƙanwarta ba murya. Ƙanwata wannan karon ba ta tsokane ni ba, ta zauna tana murza bakin mayafi. Mai kamara ya yi kamar yana gyaran wata waya.

Da na shigo na ƙarshe na ce masa ya yanka daga gaɓa ta farko zuwa ta biyu, ya tsaya nan.

"A bar hannun, Mama?"

"A bar Inna."

Bai ɗauki lokaci ba. Ya fitar a sabon faifai mai shuɗin baya, ya kunna mana. Ɗan Inna ya durƙusa, hoto ya ɗan yi tsalle, sai ga hannuna a kan nasa, sai ga Inna ta ɗago. Tsagenta duk suna nan, har karkataccen.

Kashegarin Salla ɗakin ya cika har ƙofa. Aka zaunar da gwaggo a gaba a kan buzu saboda idonta. Ni na ce akwai suyar da ba a gama ba, na tafi madafi na zauna gaban kasko. Ina juya nama ina jin su ta katanga, suna ga wance, ga wane. Sai ɗakin ya yi tsit. Sai muryar Inna. Sai ihu ya tashi, da tafi, da salati. Na ji uwar surukata tana cewa, "Ina take? A kamo mana ita!" Na ƙara itace a wutar da ba ta buƙata.

Ƙanwata ce ta zo ta karɓe cokalin daga hannuna. Ta ce gwaggo na kira. Kiran gwaggo ba a ƙinsa. Na ja mayafi har kan hanci na shiga, mata suna ta ja mini gefen zane, wata na cewa in faɗi sunan su ji ko na iya. Gwaggo ba ta yi dariya ba. Fuskarta jiƙe take. Ta kama ni ta zaunar kusa da ita, ba ta ce mini komai a kan hannun ba. Ta ɗaga murya ta ce wa mai riƙe da abin latsawa, "A maido baya. Ban gama ganin ƙanwata ba."

Aka maido. Na zauna a tsakiyarsu, muka sake kallo. Aka kuma maidowa, naman can ya ƙone a kasko.