Lamba Bakwai Ya Fito Daga Gwantu

A ƙarshen shekarun casa'in na yi aiki a wani kamfanin sayen citta a Kafanchan, can bayan tashar jirgin ƙasa. Aikina zama gaban kwamfuta ina gadin wakilanmu masu yawo kan babur ƙauye-ƙauye, kowa da 'yar na'urarsa a jaka. Duk siton kamfani da wakili ya isa, Zonkwa ne ko Gwantu, sai ya jona ta da waya ya danna lambarsa. Nan take koren layi ya fito a gabana: lamba kaza, wuri kaza, ƙarfe kaza. Doka ɗaya ce: wanda bai fito ba kwana biyu, in sanar a tura mota nemansa. Kaina har ya kumbura, ina cika wa abokai baki cewa daga kujerata nake ganin kudancin Kaduna kakaf.

Lamba bakwai shi ne ciwon kaina. Dogo ne, mawaƙin cocinsu, bai taɓa yin komai a kan lokaci ba. Kuma ba ya shigowa shiru, sai ya rubuto mini shirme: "Malam, ka ci tuwo?" ko "Yau ruwa ya dake ni." Ina mita, amma ina jiransa.

Wata Litinin da damina ya fito daga Gwantu sha biyun rana cif. Babu gaisuwa. Minti ɗaya ya ɓace. Talata haka, Laraba haka. Na ce lallai wa'azi ya shigi mutumina. Amma tsakani da Allah, tun rana ta uku in sha biyu ta gabato sai in kafe kwamfutar da ido. Ofis tsit, fanka na juyawa, sai layin ya bayyana kamar wanda ya leƙo taga ya zuba mini ido bai ce uffan ba. Na rubuta masa, "Yau babu tuwo?" Shiru.

Ran Alhamis matarsa ta zo, goyo a baya, taɓo har idon sawu.

"Malam, baban yara bai zo gida ba tun Lahadi. Shi ko zai kwana waje, yana aika mutum."

"Madam, kwantar da hankalinki. Zo ki gani da idonki."

Ta ɗora yatsa kan gilashin kwamfutar. "Wannan ne shi?"

"Shi ne. Ɗazu-ɗazu yana Gwantu, lafiyarsa ƙalau." Har da tsokana na ƙara, wai ƙila tuwon can ya fi nata daɗi. Ba ta yi dariya ba.

"Ya yi magana?"

"A'a."

"Shi ba ya yin shiru," ta ce, ta gyara goyonta ta tafi.

Maganar ta tsaya mini a rai, amma ban sanar ba. In ce wa manaja me? Mutum ya ɓata alhali ga shi yana fitowa kullum? Tsoron a yi mini dariya ne ya rufe mini baki, ba wani abu ba.

Sai Litinin ta zagayo na kasa haƙuri, na hau bas zuwa Gwantu. Babu babur ɗinsa a ƙofar sito. Mai gadin siton, wani dattijo mai furfura, ya ba ni benci. Sha biyu saura biyar ya dubi agogonsa, ya jawo durowa, ya fito da na'urar, ya jona, yana bin wata takarda da yatsa yana dannawa a hankali.

"Baba, me kake yi?"

"Shi ya bari mini, saboda ruwa. Ya shiga ƙauyuka na bayan dutse. Ya ce in ya yi latti ni danna masa, kada Malam na Kafanchan ya damu." Ya yi murmushi. "Ko rana ɗaya ban yi fashi ba."

"Yaushe ya tafi?"

"Waccan Lahadin, bayan coci."

Kwana takwas ina gadin yatsan tsoho.

Na sanar, aka tura mota. Washegari aka sami lamba bakwai a wani kwazazzabo, nesa da hanya, babur ɗin a gefe. Ƙafarsa ce ta karye. Ya ja jiki zuwa inuwa, ya shimfiɗa rigar ruwansa yadda za ta tara masa na sha. Ba nan take ya mutu ba ke nan. Kwana nawa ya yi, ba wanda ya faɗa, ni ma ban tambaya ba. Ya san dokarmu sarai, kuma ina jin ya ɗauka tsohon sau ɗaya zai danna. Har yau nakan gan shi a raina, yana kasa kunne ko zai ji ƙarar motarmu.

Na je gaisuwa. Mata na waƙoƙin coci ƙasa-ƙasa a tsakar gida. Matarsa ta gan ni, ta sa aka ba ni kujera da ruwa. Da na tashi tafiya ta rako ni bakin ƙofa, muryarta babu faɗa ko kaɗan.

"Malam, ranar da na zo wurinka, da an tura mota, za a same shi da rai?"

Na tsaya da hulata a hannu. Ta jira, ta jira, sannan ta koma ciki.