Yadda Munduwar Inna Ta Ƙi Tsalle

Ana ta yaɗawa a kasuwar Gummi wai Haladu mai naɗin kwayil, wato wayar cikin fanka da inji, ya kama aljani ya rufe a gwangwani, kuma wai aljanin ba ya cin komai sai zobe. An ce duk matar da ta gitta ƙofar shagonsa, zoben hannunta zai kuɓuce ya yi sama. Wata ta rantse nata sai a Anka aka tsinto shi, a kan reshen kuka, yana hayaƙi. To, kowa ya kwantar da hankalinsa. Babu aljani, babu gwangwani. Na fi kowa sanin ƙarya ce, domin zancen reshen kukar ni na ƙara shi da bakina a wani gidan suna.

Haladu taubashina ne, ɗan kawuna, ni kuma Habsu ɗiyar goggonsa, saboda haka ko alƙali bai isa ya hana ni taɓa shi ba. Yana aji huɗu na firamare Kawu ya cire shi ya kai shi gona. Gona ba ta karɓe shi ba, sai ya liƙe wa wani Oga Richard mai gyaran fanka, ya koyi warware ƙonanniyar waya da naɗa sabuwa. Yau shekara ashirin ke nan, duk fankar da ta mutu tsakanin Gummi da Bukkuyum, da duk injin ban ruwan da ya yi wari a fadama, a hannunsa suke farfaɗowa. In yana naɗi, da ƙwayar masara yake ƙirga. Ya yi zagaye ɗari, ya jefa ƙwaya ɗaya a kwano. A wannan lokacin ko gemunsa ne ya kama wuta sai ya cika ɗarin kafin ya nemi ruwa.

Abin da ya fi so a duniya bayan wayar jan ƙarfe shi ne babbar ɗiyarsa Zaliha, wadda ke ajin kimiyya a sakandaren 'yan mata. A zangon ƙarshe na shekarar 2016 malamarsu, Malama Stella, wata 'yar Filato mai kirki amma ba ta wasa da aiki, ta ce duk wadda ta faɗi jarrabawar darasin lantarki za ta bar ajin. Zaliha kuwa sau biyu tana faɗuwa gwaji. Ina shagon ranar da ta shigo ta ajiye littafi a kan benci.

"Baba, ni barin ajin ga za ni yi tun ba a kore ni ba."

"Mi ya yi zahi?"

"Hadda kawai nikai. Ina karantawa, ban ganin komi."

Haladu ya buɗe littafin. Turancin ciki dai shi da akuya duk ɗaya, amma ya tsaya a kan wani zane: sandar ƙarfe a tsaye, an naɗe gindinta da waya, ga zobe yana shawagi a sama. Ya ɗora baƙin yatsansa a kai.

"Wanga ai kwayil ne. Su da sunka rubuta littahin, sun taɓa naɗa ko guda?"

Kwana biyu ya ƙi taɓa fankar kowa. Ya tattaro sifokin tsofaffin kekuna, siraran ƙarafan nan na cikin ƙafar keke, ya ɗaure su dami guda, tsawon kamu ɗaya, ya naɗe gindin da waya har masara ta kusa cika kwano. Saura zobe. Na ƙarfe ba zai yi ba, maganaɗisu zai riƙe shi. Sai ya tuna da munduwar tagullar mahaifiyarsa, wadda dukanmu muke kira Inna. Irin ta tsofaffin nan ce mai buɗaɗɗen baki, wadda ake ɗan buɗawa a zura hannu.

"Munduwar ga ta girme ka," in ji Inna. "In ka ƙona min ita, sai ka gaya min ko wuta ta haihe ka."

Ya zura munduwa a sanda, ya kunna. Kwayil ya yi gurnani, munduwa ta yi zamanta kamar amaryar da ba a sayi bakinta ba. Ya ƙara waya. Ya rage waya. Ya juya ta, ya wanke ta da toka da lemun tsami. Kwana uku ana abu ɗaya. Ni kuwa kullum sai na biyo in tambaye shi ko in kawo mai kalangu, wataƙila kiɗa take jira.

Rana ta huɗu Zaliha na zaune a gefe da littafinta, ta ɗauki munduwar tana jujjuyawa, sai ta tsaya tana kallon bakin.

"Baba, in waya ta tsinke cikin fanka, wuta na wucewa?"

"Ina za ta bi?"

"To ai wagga tsinkakka ce. Littahi ya ce wuta zagayawa takai cikin zoben. In ta zo bakin ga, ina za ta bi?"

Haladu ya kalli munduwa, ya kalli ɗiyarsa. Mutumin da ya shekara ashirin yana farautar tsinkakkiyar waya, ga ta a hannun uwarsa tun kafin a haife shi, bai gani ba. Ya sa takalmi ya nufi wurin Auwalu mai zubin tukwane, aka zuba masa zoben alminiyam rufaffe, marar baki. Da ya dawo ya kunna, zobe ya yi fit ya daki kwanon rufi. Wata mai tallan fura da ke wucewa ta ga abin, ta yar da ludayi. Daga nan aljani ya samo asali.

Malama Stella ta ji labari ta ce a kawo abin makaranta. Na bi su, don ba za a yi abin kunya babu ni ba. Haladu ya sha babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, 'yan mata sun kai sittin sun kewaye tebur. Yana kai hannu ga makunni aka ɗauke wuta. Kafin a tayar da janareta, direban makaranta ya ce ai wuta wuta ce, ya ciro batirin mota aka jona. Zobe ya ɗan zabura sau ɗaya, kamar wanda sauro ya ciza cikin barci, ya koma ya kwanta. Aji ya kwashe da dariya. Zufa ta keto wa Haladu. Hannunsa ya san dalili, amma bakinsa bai san yadda zai faɗa ba.

Sai Zaliha ta miƙe.

"Malama, ba lalacewa ya yi ba. Zoben ga sauyi yake ji. Wutar batir hanya guda take bi, ba ta juyawa. Sa'ad da anka jona, maganaɗisu ya taso daga babu, shi ne ya zabura. Da ya daidaita, babu sauran abin da za ya ji. Wutar janareta kuwa kai da komo takai, sau hamsin cikin sakan guda. Kullum sauyi, kullum wuta na zagaya zoben, sai shi ma ya zama maganaɗisu, na ƙasa ya ture shi."

"A ina kika haddace wannan?" in ji Malama Stella.

"Ban haddace ba, Malama. Gani na yi."

Janareta ya tashi. Zaliha da kanta ta danna makunni, zobe ya yi sama ya bar tabo a silin, ni dai na ce ya huda shi har ya gaisa da shirwa. Da ta sake zura shi a hankali wuta na kunne, sai ya tsaya tsakiyar sanda yana rawa, babu abin da ke riƙe da shi. 'Yan matan da suka yi dariya suka yi layi kowa na son taɓawa, suna janye yatsa don ya ɗauki zafi.

Jarrabawa ta zo, Zaliha ta ci, tana nan a ajinta. Har yanzu lissafi na ba ta wuya, ba zan ɓoye ba. Amma ta daina zancen bari, kuma ranar Asabar a kan bencin ubanta take yini, ita ta karanta masa, shi ya naɗa mata.

Makon jiya na leƙa shagon na same shi yana jefa masara a kwano. Na jira ya cika ɗari, na durƙusa har ƙasa.

"Ranka ya daɗe, Farfesa. An ce jami'a ta aiko mota. In kawo maka gilashi, ko a hakan za ka riƙe littafin a juye?"

Ko ɗaga kai bai yi ba.

"Habsu, zobe dai da anka ba shi wuta ya tashi. Ke shekara tara malamai na jona ki, ko zabura ba ki yi ba."