Ragon Malam Bitrus: Daga Aliero Zuwa Maiyama

Da ana mayar da magana ciki, da na mayar da wadda na faɗa a Jega ranar Juma'ar da aka harbe shugaban ƙasa a Ikko. Lokacin ni masinja ne a makarantar firamare. Malam Bitrus, Kirista ne daga ƙasar Filato, yana koyar da lissafi. Ran nan aka yi sunan 'yarsa Jummai. Don mu maƙwabtansa Musulmi mu iya cin naman, ni ya ba wuƙa na yanka ragon da hannuna bayan asuba, tun labari bai zo ba. Da aka ji waɗanda ake zargi mutanen yankinsu ne, samari suka tare ni suna cewa ni yaronsa ne. Tsoro ya sa na ce ragon na murnar mutuwar shugaban ne. Aka jefi gidansa, ya bar garin. Bana na ji iyalinsa na Maiyama, na ɗaura niyyar neman gafara.

Aliero

Na fita gida ƙarfe shida saura kwata. A tasha na tarar da ƙaramar mota an cika bayanta da buhunan albasa, aka matsa mu huɗu a kujera ɗaya. Direba ya ce, “Baba, ina zuwa da sanyin safiya?” Na ce ziyara. Mun tashi shida da rabi, kafin bakwai mun shiga Jega.

Jega

Na sha koko da ƙosai na ɗari biyar a bakin tasha. Na taka zuwa Sabon Gari, inda gidan Malam Bitrus yake a da. Yanzu shagon gyaran waya ne. Ban daɗe ba na koma tasha, ƙarfe takwas da minti ashirin motar Maiyama ta cika.

Muna haye gada direba ya kunna rediyo, sai ga shiri a kan kisan shugaban. Wani tsohon soja na zaune gaba, ana ce masa Saje. Ya ce, “Duk wanda anka harbe kan maganar ga ya cancanta. Da bakinsu sunka amsa.”

Kusa da ni akwai wata malamar makaranta da jakar littattafai a cinya. Ta ce, “Baba Saje, a gaban wa suka amsa? Shari'ar a rufe aka yi ta.”

“Ke, an haife ki lokacin?”

“Ba a haife ni ba. Kai kana cikin ɗakin?”

Mota ta kwashe da dariya. Saje ya juyo gaba ɗaya. Ya ce wanda ya shiga gidan rediyo ya yi shelar juyin mulki duk ƙasa ta ji muryarsa, wace shaida kuma ake nema? Malama ta ce wannan ba ta musu a kansa. Tambayarta a kan sauran ne, waɗanda wani ya ambaci sunansu yana tsare. Ta ce mai neman ceton wuyansa yana iya kiran sunan kowa.

“Namiji ba shi ƙarya don tsoro,” in ji Saje.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, “Yana yi, Saje. Ni na yi.”

Sai ga shingen 'yan sanda. Direba ya sauka da takardunsa, minti goma muna tsaye. Da ya dawo Saje ya ce, “To Malam, mi kac ce?” Na ba su labarin ragon. Saje ya ce wannan daban, wancan daban. Da za mu sauka malama ta ce ta san wata Jummai Bitrus, unguwarzoma, ta kwatanta mini gidan.

Maiyama

Ƙarfe tara da 'yan mintuna na yi sallama. Jummai ta fito, mace mai furfura a goshi. Na faɗi sunana, na tambayi Malam. Ta ce, “Baba ya rasu shekara huɗu ke nan. Mama na ciki.”

Na tarar da Saratu, matarsa, a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni, ban rage komai ba. Ta bar ni har na gama.

“Umaru, ai mun sani tun ran nan,” in ji ta. “Shi ya yafe maka tun da daɗewa, ya ce yaro ne kai, an tsorata ka. Ni ce na hau bayan akori-kura da jaririya, ban gama wankan jego ba.”

Na ce, “Mama, ki yafe mini.”

Ta ce, “A bainar jama'a ka faɗi waccan. Wannan kuma ka kawo mini ita cikin ɗaki. Je ka faɗa inda mutane za su ji, da sunansa. In ta dawo kunnena daga bakin wani, ka dawo mu yi magana.”

Jummai ta kawo mini tuwon dawa da miyar kuka. Na ci kaɗan don kada in raina. Na yi azahar a masallacin tasha, na shiga mota ƙarfe biyu da rabi.

Komawa gida

A Jega na sauka na nemi waɗanda suka rage cikin samarin nan. Biyu na samu, a majalisar kasuwa, na faɗa musu a gaban mutane. Ɗaya ya ce shi bai tuna da wani Bitrus ba. Na isa Aliero ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa malamar da ban tambayi sunanta ba.

Jikata ta rubuta mini wannan da kyau don ya yi nisa. Malam Bitrus bai yi murnar mutuwar kowa ba, sunan 'yarsa ya yi. Ku da kuka karanta, ina roƙonku kada tsoro ya sa ku ɗora wa mutum abin da kun san bai yi ba. Wanda kuma hanyarsa ta bi ta Maiyama, ya taimaka ya gaya wa Saratu ya ji. Ta tsufa, ni ma haka.