Kurar Gidanmu

Ina rubutun nan dariya na cina.

Jiya na kai Mariyama, wadda zan aura, ta gaida kakata a Birni. Na ciro lambar girman gidanmu ina nuna mata. Kumandan, Baturen mulki, shi ne ya rataya wa mahaifin Kaka ita farkon zuwan Nasara, wai ya kama kurar da ta addabi gari. Tun ina ɗan makaranta a lakwal nake cika baki da ita, har "Jikan Mai Kura" na rubuta a motona mai ƙafa biyu.

Kaka ta ce, "Wa ya ce maka kamawa ya yi? Baba majemi ne. Warin fatu ta biyo, ta faɗa ramin jima. Da safe ya leƙa, suka haɗa ido, ya suma. Yana farfaɗowa ya tarar ya zama jarumi."

Na ce, "Haba Kaka, a gaban baƙuwa?"

Ta ce, "Gara ta san gidan da za ta shiga."

Mariyama ta yi ta dariya har da hawaye. Ni kuwa ba zan goge rubutun ba. Rami ya yi aiki, Baban Kaka ya karɓi lamba, ni na gaji taƙama.

Ku fa, wace kura ce a gidanku?